Kwandon wayar da ke tsintar kwanson harsashi

Tun da na fara aikin ƙarshen mako a wani filin koyon harbi da ke bayan garin Houston, mutanen gida ba sa tambayata komai sai bindigogi. Ni kuwa abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wani ɗan kwando na waya da ke jingine bayan ƙofar ɗakin ajiya.

Idan aka tashi da yamma, ƙasa kan cika da kwanson harsashi kamar an watsa gyaɗa a shanya. Ranar farko da hannu na fara tsinta, ina duƙe, har wani dattijo da ya daɗe a wurin ya miƙo mini abin. Siffarsa kamar ƙwai, wayoyi ne siriri aka jera kusa da juna, aka ɗaura a kan sanda mai tsayin muciya babba. Kana tura shi yana mirginawa, wayoyin su buɗe kaɗan su haɗiye kwanson, su koma su rufe. Tsakuwa ƙanana da rairayi su zube ta tsakani. Idan ya cika sai ka danna shi a kan wani ƙarfe da ke bakin bokiti, ya buɗe cikinsa ya amayar. Aikin da zai cinye awa guda ana duƙe, a tsaye na gama shi kafin shayina ya huce.

Akwai manyansa masu taya da ake turawa kamar baro, irin Ammo-Up na kamfanin Bag-A-Nut da ke Florida. Sunan kamfanin ma, wanda ke nufin zuba ƙwallon itace a jaka, ya tona asalin dabarar: don tsintar 'ya'yan itace irin pikan da ke zubowa ƙasa aka fara ƙera su, daga baya masu harbi suka ga ai zai yi musu. Wasu kuma ba sa bari kwanson ya taɓa ƙasa, jakar raga suke maƙalawa a gefen bindiga.

Me ya sa ake wannan ɗawainiya? Kwanson tagulla ce, kashi 70 jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, kuma kuɗi ce. Masu sake ɗura harsashi suna wanke ta a injin da aka zuba wa dakakken ɓawon wani ƙwallon itace mai tauri da Turawa ke kira walnut ko totuwar masara, su sake cika ta sau da dama. Ƙananan nan na .22 (lambar kaurin harsashi ke nan) ba a sake ɗura su, a kan sikeli ake sayar da su. Kafin nan sai an tace: a bi da maganaɗisu ya kwashe na baƙin ƙarfe, don tagulla ba ta kama shi, a ware na alminiyam, sannan a zuba a rariya hawa uku, na .45 su tsaya a sama, na .40 a tsakiya, na milimita 9 a ƙasa.

Da na ga maganaɗisun nan sai na tuna yaran jari bola a Kano, da nasu na tsohuwar lasifika a ɗaure da igiya suna ja a bakin kwata. Wallahi ba a fi mu sanin darajar ƙarfe ba. Ko gwangwanin madara ba ya kwana a bola a garinmu, fitila yake komawa. Inda aka bar mu shi ne tausayin jikin mai aikin. A nan wani ya zauna ya yi tunanin bayan mai tsinta da gwiwarsa, ya ƙera abin da zai hana shi duƙawa. Mu kuwa mun ɗauka duƙawar ita ce aikin.

Ga kuma hannu. Ƙurar da ke jikin kwanson akwai dalma a ciki, shi ya sa ba a yarda ka ci ko ka sha a wurin ba sai ka wanke hannu, kuma a ɗakunan harbi na cikin gini an hana shara da busasshiyar tsintsiya. Duk lokacin da na tsaya a bakin famfon sai Zamfara ta faɗo mini: 2010, ƙauyukan Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 da ƙurar dalmar haƙar zinariya ta kashe. Yanzu kuma a irin waɗannan ƙauyuka, bayan 'yan bindiga sun wuce, yara ne ke tsintar kwanso da hannu, wani har ya kai baki yana busa kamar usur. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ba kwanso nake so mu tsinta da kwandon nan ba. Kaɗanya nake gani. Gwaggona ta yi shekaru tana fita tun asuba lokacin damina, tana duƙe cikin ciyawa mai raɓa, hannu na lalube inda maciji ke kwanciya. Ƙwallon kaɗanya bai fi pikan wuyar kamawa ba, tazarar wayar kawai za a gyara. Babu inji a jikinsa, babu batir. Waya ce mai tsauri da sanda da kusoshi biyu, abin da kowane mai walda a Sabon Gari zai duba sau ɗaya ya fitar da irinsa.

Na sayi ɗaya, na kwance sandar don ya shiga akwati. Idan Allah ya kai mu hutun Sallah, wurin maƙerin unguwarmu zan fara kai shi.