Shukar da Inna ta ji tausayinta

Ƙawata ta kawo mini tsarabar shuka uku daga Abuja, wai Tillandsia, dangin abarba, asalinta Meziko da Amurka ta Kudu. Ba a dasa ta. Da farin gashi-gashin da ke jikin ganye take shan ruwa, saiwar kuwa riƙe itace kawai ta iya. Sau ɗaya a mako ake tsoma ta a ruwa minti 20 zuwa 30, a kaɗe, a kife ta, ta bushe cikin awa 4.

Duk na yi wa Inna wannan bayani kafin in tafi biki Argungu. Ta ce, "Ke, ki ji tsoron Allah. Abu mai rai, ba ƙasa?"

Na dawo na tarar da ta farko a gwangwanin tumatir, an cusa mata takin akuya, ana ba ta ruwa safe da yamma. Gindin ya yi baƙi. Na ja ganyen tsakiya, ya biyo hannuna. Ruwa in ya kwana a gindinta ruɓewa take, kuma babu magani.

Ta biyu ƙanena ne ya yi mata gata. Ya fere wayar lantarki ya rataye shukar da ita a taga, alhali jan ƙarfen da ke cikin wayar guba ne gare ta. Abin da ya rage, ranar la'asar ta Birnin Kebbi ta ƙarasa.

Ta uku na ɓoye a ɗakina. Da hunturu ya kama, ganyen ya nannaɗe, bakinsa ya bushe, sai na mayar da tsomawa sau biyu a mako, da ruwan famfon da ya kwana a bokiti. Tana farfaɗowa sai ga wani fari kamar auduga a hammatar ganye. Ƙwari ne masu tsotsar shuka. Gashinta na asali a shimfiɗe yake ko'ina, su kuwa dunƙulewa suke wuri guda, su bar danƙon da ke gayyato tururuwa. Goggo ta ce a shafa man darbejiya. Na ƙi, don man yana toshe gashin, shukar ta kasa shan ruwa. Sai dai auduga a kan tsinke, a jiƙa da sipirit na kemis, a goge su ɗaya bayan ɗaya, a ɗauraye, a maimaita duk mako.

Ina cikin wannan aiki na jiyo Inna ta katanga tana ce wa maƙwabciya, "Hajiya, ku sa mu a addu'a. Yarinyar nan yau ciyawa take yi wa sakacen kunne."