Hotunan suna cikin durowa

Assalamu alaikum warahmatullah.

'Yan uwa, akwai wani zama da aka yi a Amurka shekaru sittin da wani abu da suka wuce, wanda duk lokacin da na tuna shi sai jikina ya yi sanyi. Ranar Alhamis 18 ga Oktoba 1962, ministan harkokin wajen Tarayyar Sobiyet, Andrei Gromyko, ya shiga ofishin shugaban Amurka John Kennedy, suka yi sama da awa biyu suna magana. Da aka zo kan Kyuba, sai Gromyko ya ce duk taimakon da ƙasarsa take ba ta na kare kai ne kawai. Kennedy ya yi shiru yana sauraro, bai ce masa ƙarya kake yi ba. Alhali a cikin durowar teburinsa, nan cikin ɗakin, akwai hotunan makamai masu linzami da Sobiyet take girkawa a Kyuba, masu iya ɗaukar nukiliya su yi tafiyar kilomita kusan 2,000.

Kwana huɗu kafin wannan zama, da safiyar Lahadi 14 ga wata, wani matuƙi mai suna Manjo Richard Heyser ya ratsa saman yammacin Kyuba a jirgin leƙen asiri samfurin U-2. Jirgin yana tafiya ne a nisan ƙafa 70,000 daga ƙasa, wato fiye da kilomita 20, inda wanda ke ƙasa ba ya jin ko ƙararsa. Cikin 'yan mintoci kyamararsa ta ɗauki hotuna 928. Washegari masu nazarin hotuna a Washington suka duƙufa a kansu da gilashin ƙara girma, suka hango wasu dogayen abubuwa lulluɓe da tamfol kusa da garin San Cristóbal. Da aka kawo wa Kennedy, shi bai ga komai ba sai ɗigo-ɗigo a fili, ya tambayi shugaban masu nazarin, Arthur Lundahl, yadda aka yi suka gane makami ne. Ya ce masa tsawonsa ne ya nuna. An rufe abin ruf, amma tamfol ɗin da aka rufa masa ya bi jikinsa ya faɗi tsawonsa.

Kada ku ɗauka waɗanda suka ɓoye ɗin sakarkaru ne. Sun yi dabara iya dabara. Sun sa wa aikin suna Anadir, sunan wani kogi can ƙuryar Saiberiya mai tsananin sanyi, har suka loda kayan sanyi don a zaci arewa aka nufa. Sojoji suka yi makonni a cikin ƙasan jiragen ruwa cikin zafi, ba a barinsu su hau sama shan iska sai da dare. Da aka iso ma, sai dare ya raba ake jan makaman a kan hanya. Wani babban hafsansu, Mashal Biryuzov, shi ya tabbatar wa shugaban Sobiyet Khrushchev cewa za a iya sajar da makaman cikin itatuwan tsibirin masu kama da kwakwa. Makami mai tsawon mita 22, a ce itacen da ganyensa 'yan tsiraru ne a can ƙololuwa zai rufe shi! Sun yi maganin ɗan leƙen asirin da ke tashar jirgin ruwa da mai tsegumin bakin hanya, amma wajen wanda zai duba daga sama suka yi sakaci.

To ni da kai fa, ɗan uwa? Allah Maɗaukaki Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 108: suna ɓuya daga mutane amma ba sa ɓuya daga Allah, alhali Yana tare da su lokacin da suke kwana suna ƙulla maganar da bai yarda da ita ba. Duk rufin da muke yi na gefe ne. Mai awon hatsi ya bubbuga gindin mudunsa ya lotsa ciki, ya ajiye lafiyayyen a kan buhu don idon mai saye, idan hankali ya ɗauke sai ya musanya. Ma'aikaci ya cike takardar kuɗin tafiyar da bai yi ba, ya sa hannu, ya je ya yi alwala ya bi sahun farko. Ƙanen mamaci ya riƙe takardar gonar marayu yana cewa sai sun girma, ga shi babbansu har ya yi gemu. Sai kuma wannan da ya fi kusa da mu duka, tunda ta cikinsa kake karanta rubutun nan: ƙarfe biyun dare, kowa ya yi barci, ka rage hasken waya, ka juya wa ƙofa baya, in ka gama ka goge komai. Ni kaina akwai ranar da ƙaramin ɗana ya ɗauki wayata yana dannawa, na ji gabana ya faɗi na fizge ta da sauri. Daga baya na zauna ina tambayar kaina: yaron da bai iya karatu ba nake jin kunya haka, shi kuma Wanda Ya ce "Alam ya'alam bi annallaha yara", wato "shin mutum bai san cewa Allah Yana gani ba", ina na ajiye kunyarsa?

Kuma fa wancan idon na sama da ya girgiza duniya, ido ne mai rauni. Girgije kaɗai yana hana shi aiki, an sha ɗaga tashin jirgin saboda hadari. Amurkawa sun ƙiyasta sojojin Sobiyet da ke tsibirin wajen 10,000 ne, ashe sun haura 40,000. Akwai ƙananan makaman nukiliya da aka tanada don tarbar sojojin Amurka idan sun sauka, waɗanda Amurkawa ba su san an kawo kawunansu masu fashewa ba sai a wani taro da aka yi a Havana, babban birnin Kyuba, a 1992, bayan shekara talatin. Har rumbun da aka ajiye kawunan nukiliya kusa da garin Bejucal sun ɗauki hotonsa, amma ganin shinge ɗaya ne kawai ya kewaye shi, suka ce ai ba a nan za a ajiye irin wannan ba. Ranar 27 ga wata kuma aka harbo wani U-2 ɗin, matuƙinsa Manjo Rudolf Anderson ya mutu. Idon da ake iya harbowa ke nan, wanda yake ganin rufin ɗaki ba ya ganin cikinsa. Ubangijinmu kuwa, a Suratu Gafir, Ya san ha'incin idanu da abin da ƙiraza suke ɓoyewa. Ba Ya buƙatar gari ya washe.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne shirun nan na Kennedy. Gromyko ya fita yana ganin zama ya yi kyau, ashe talala aka yi masa. Bayan mako guda, a zauren Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, jakadan Amurka Adlai Stevenson ya tsare jakadan Sobiyet Valerian Zorin da tambaya, akwai makaman ko babu, e ko a'a. Zorin ya ce shi ba a kotun Amurka yake ba. Sai aka shigo da hotunan manya-manya aka kafa su a gaban duniya, talabijin na nunawa. Mu ma haka muke ruɗuwa da shiru. Ka yi sau ɗaya ba abin da ya faru, ka yi sau goma har kasuwa ta ƙara buɗewa, sai ka ɗauka an manta. Suratu Fussilat ta ba mu labarin ranar da ji da gani da fatun mutum za su yi shaida a kansa, ya juya yana tuhumar fatarsa don me ta tona shi, ta ce Allah ne Ya sa mu magana. Ibn Majah kuma ya ruwaito daga Sauban cewa Annabi (SAW) ya ba da labarin wasu da za su zo da ayyukan alheri kamar duwatsun Tihama, Allah Ya mai da su ƙura. Suna tsayuwar dare kamar kowa, amma idan suka keɓe da abin da Allah Ya haramta sai su afka masa.

Sai dai shirun Ubangiji ba irin na Kennedy ba ne. Shi Kennedy lokaci yake nema ya gama shirya wa abokin gabarsa. Allah kuwa Yana suturta bawa ne ko zai dawo. A hadisin Ibn Umar da ke Bukhari da Muslim, Allah zai kusanto da mumini Ya lulluɓe shi, Ya riƙa tambayarsa ka san zunubi kaza, ka san zunubi kaza, yana cewa na sani ya Ubangiji, har ya ga ya halaka, sai a ce masa na rufa maka su a duniya, yau kuma na gafarta maka. Ku lura, wannan bawan bai musa ba.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya mai da kansa U-2 a kan maƙwabcinsa, yana ɗaukar hoton hirar mutane yana watsawa a WhatsApp da sunan gyara. Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Laifi tudu ne, su ma Amurkawan da suke ta nuna hotuna suna da nasu makaman girke a Turkiyya, a bakin ƙofar Sobiyet, kuma a asirce suka yarda za su kwashe.

Ranar 28 ga Oktoba Khrushchev ya sanar ta gidan rediyon Mosko cewa za a kwance makaman a mai da su gida. Ba a tsaya kan sanarwar ba. A farkon Nuwamba jiragen Amurka suka bi jiragen ruwan da suka ɗauko kayan, ma'aikatan Sobiyet da hannunsu suka yaye tamfol aka ƙirga, ɗaya bayan ɗaya, har 42. Astagfirullah ɗinmu na bayan salla sanarwa ce. Sauran mudun nan ya bar shago, takardar gonar ta koma hannun masu ita, lambar nan da ka ajiye da sunan makanike ta fita daga wayar, tun yau kafin isha'i.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira.