Sharhi kan labarin yadda sojojin jiki ke faɗa da fangas

Gaskiya labarin nan ya taɓa ni, don mu nan Sennar da Gezira a ƙasar Sudan ciwon madura, wato wani ciwon kumburin ƙafa, ba baƙo bane. Kun ce fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye fangas (ƙwayar cuta dangin funfuna) su narkar da shi, to haka ne in yana ƙarami, amma na madura wlh daban yake. Ƙaya ce kawai zata soki manomi a ƙafa, fangas ɗin ya shiga ya dunƙule ya zama ƙananan tsaba baƙaƙe masu tauri, sojojin jini su taru su kewaye shi amma ya fi ƙarfin bakinsu, basa iya haɗiye shi, sai wurin yayi ta kumburi yana ruwa shekara da shekaru har ya ci ƙashi. Kuma da farko baya zafi sosai, shi yasa mutanenmu ke zama a gida sai an zo maganar yanke ƙafa.

Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta saka shi cikin cututtukan da aka yi sakaci dasu a 2016. Don Allah 'yan uwa a sa takalmi a gona, in kaga kumburi yana fidda tsaba ka je asibiti da wuri.