Ƙannena masu babur, ku ɗaure jawwal da kyau

Ku samarinmu masu kai saƙo a kan babur a nan Jidda, da ku zan yi yau, kuma ku yi mini uzuri idan muryata ta ɗan ɗaga. Makon jiya bayan isha'i wani yaro ɗan unguwarmu ya shigo gida gwiwar hannu a saɓule, wando a yage. Ba wanda ya buge shi. Jawwal ɗinsa ce, wato wayar hannunsa, ta zame daga wani mariƙi na roba da ya saya a shagon abu riyalain, irin shagunan kayan araha na riyal biyu, shi kuma ya kai hannun dama zai cafe ta, a tsakiyar Titin Madina. Hannun dama kuwa shi ke riƙe da totur, shi ke da birkin gaba. Allah ya taƙaita, mai motar da ke bayansa ya kauce. Wayar kam taya ta bi ta kanta.

Na tambaye shi me ya sa ya saki kan babur, ya ce wallahi Yaya ban san lokacin da hannuna ya tafi ba. Gaskiyarsa. Ba mai yin shawara da zuciyarsa kafin ya cafe abin da ke faɗuwa, balle abin da abincinsa ke ciki. Mai tafiyar kilomita 60 a awa yana cinye kusan mita 17 a kowane sakan. Sakan biyu na lalube ya ishi mutum ya shige ƙarƙashin tirela. Tun da ba za ka iya hana hannunka ba, sai ka hana wayar faɗuwa tun farko.

Fara da auna kan babur ɗinka kafin ka je Shari'i Falasɗin wurin masu kayan waya. Yawancin ƙananan babura kaurin ƙarfen kansu milimita 22 ne. Nemi mariƙi na ƙarfe wanda ake ɗaurewa da noti, mai 'yar roba a cikin bakinsa don ya ciji ƙarfen ba tare da ya juya ba. Wanda ke manne wa gilashi da iska, da mai maganaɗisu kawai, na mota ne, ku bar wa masu mota kayansu. Wurin da wayar ke zama ya kama ta ta kusurwa huɗu, ko ya zama irin wanda ake murɗawa ya kulle. In ka saka ta, ka jijjiga da ƙarfi kamar kana fushi da ita. In ta motsa a hannunka a tsaye, to a kan tudun rage gudu tashi za ta yi.

Masu sukuta, waɗanda roba ta rufe musu kan babur gaba ɗaya, ku wurinku gindin madubi ne. Notin madubi yakan zama milimita 8 ko 10, ka duba naka. Kuma a yawancin baburan Yamaha madubin dama zarensa a juye yake, ana kwance shi ta inda aka saba ɗaurewa. Na ga yaro ya sa sufana yana ta ƙoƙarin kwancewa har ya cinye zaren, ya koma yana zagin babur.

Inda za ka kafa shi ma magana ce. Kusa da tsakiya, inda ido zai sauka ya dawo kan titi nan take, amma kada ya rufe maka agogon gudu da fitilun sigina. Kada ka matse wayar birki ko ta kuloci a ƙarƙashinsa. Bayan ka ɗaure, karya kan babur har ƙarshe hagu, har ƙarshe dama. In ya taɓa tanki ko ya ja wata waya, kwance ka sake. Sannan ka ƙara 'yar igiya daga rigar wayar zuwa ƙarfen, gajeriya wadda ba za ta kai taya ba. Ita ce za ta sa in mariƙin ya ci amanarka, wayar ta yi lilo kawai, hannunka kuma ya zauna inda yake.

Akwai ɓarnar da ba a gani sai ta gama. Girgizar inji tana bi ta ƙarfe ta shiga kyamarar waya, inda akwai wasu ƙananan sassa masu motsi da ke daidaita hoto. A 2021 kamfanin Apple da kansa ya fitar da gargaɗi cewa girgizar manyan babura tana lalata kyamarar iPhone, ya kuma ce masu ƙananan injuna su sa abin rage girgiza. Wata 'yar roba ce mai laushi da ke shiga tsakanin mariƙi da waya. Ku da kullum sai kun ɗauki hoton ƙofar mai talab, wato wanda ya yi odar saƙon, ranar da hoton ya fara rawa za ku san darajarta. Ni shawarata, wanda ke da hali ya ware tsohuwar waya don taswira da aiki, mai tsadar ta kwanta a aljihu.

Sai rana. Wannan ita ce tamu ta musamman, wadda masu bayani daga ƙasashen sanyi ba sa damuwa da ita. Apple ya ce a yi amfani da wayarsa tsakanin digiri 0 da 35, mu kuwa a bazara zafin Jidda yakan haura 40, na Makka ya fi haka. Ka ɗora waya a fuskar rana, taswira na aiki, caji na shiga, haske a ƙure. Za ta dushe, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta mutu kana tsakiyar hanya, batirin kuma a hankali ya kumbura. Mafi muni shi ne jakar nan mai fuskar leda da ake sayarwa don ruwan sama. Kwana nawa ake ruwa a Jidda a shekara? Tanda kawai ka saya wa wayarka. Nemi mariƙi buɗaɗɗe da iska ke ratsawa, in da 'yar rumfa a samansa ya fi, in ka tsaya jiran abinci kuma ka cire ta ka shiga inuwa da ita.

Cajar ma a ba mai wayarin ya haɗa ta ta makunni, da fis, kada a jona kai tsaye da batir ka wayi gari babur ya ƙi tashi.

Duk wannan ɗaurin ba izinin latsa waya ba ne kana tafiya. Tarar riƙe waya a hannu lokacin tuƙi daga riyal 500 take zuwa 900, kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi kuma ba su san magiya ba. Lissafa talab nawa za ka kai kafin ka mayar da wannan. Saka adireshin kafin ka tayar, ka kunna murya. In mai saƙo ya kira yana "wenak, wenak", wato kana ina, bar shi ya kira, ka samu gefe ka tsaya. 'Yan uwanmu na Makka, kun san taswira takan rikice a cikin ramukan duwatsu; kada ku tsaya gyara ta a ciki, ku riƙe hanyar a ka kafin ku shiga.

Noti kuma kwancewa yake da kansa, ga danshin teku da ke sa tsatsa. Ni kowace Juma'a bayan la'asar nake bin nawa da sufana. Yaron nan na ce ya kawo nasa babur ɗin wannan Juma'ar in hannun ya yi sauƙi, mu kafa masa na ƙarfe. Mai so ya biyo shi, amma kowa ya zo da mariƙinsa, nawa sufana ce kawai.