Tumaki ne ke gadin ganuwar, a ɗaure karnuka

Mil biyu kacal daga garin Dorchester a kudancin Ingila akwai wani tudu da aka yi wa ɗamara da ganuwoyi, wata bayan wata, ciyawa ta lulluɓe su duka. Maiden Castle ake ce masa, amma babu fada babu soro a wurin. Ƙasa ce zalla mutanen dauri suka haƙa suka tara tun wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga baya aka faɗaɗa har filin ya kai eka 47. A nan ne masanin binciken kayan tarihi Mortimer Wheeler ya yi tono daga 1934 zuwa 1937, ya fito da ƙwarangwal ɗin wani mutum da tsinin ƙarfe maƙale a ƙashin bayansa.

Na hau tudun da sanyin safiya ina zaton ɗalibai da masu kyamara zan tarar. Ashe masu karnuka ne suka cika wurin. Mu a gida kare na farauta ne da gadi, wanda ya ce zai fita da shi shan iska sai a tambayi lafiyarsa. A can kuwa aikin kullum ne, safe da yamma, ko ana ruwa.

Ina tsaye a bakin ganuwa ta ciki wata mata ta sunkuya ta kwance wa karenta igiya. Kafin ta miƙe ya gangara rami da gudu, tumakin da ke kiwo suka watse, wata mai tsohon ciki ta zame ta sake tashi tana haki. Matar ta yi ta ƙwala kira, kare ko a jikinsa. Da ya gaji ya dawo, sai ta dube ni tana murmushi ta ce wai wasa yake yi. To, tunkiya ba ta san wasan kare ba. Ko bai cije ta ba, firgitar kaɗai tana iya sa ta ɓari.

Abin da masu irin wannan sakaci ba su lura da shi ba shi ne, ba don ado aka zuba tumakin nan ba. Su ne ma'aikatan wurin. Gangaren ya yi tsinin da injin yankan ciyawa ba zai bi shi ba, tumaki ne ke aske shi. Da a janye su, cikin 'yan shekaru ƙaya da sarƙaƙiya za su mamaye tudun, saiwoyin itatuwa su farfasa ganuwar da abin da ke binne a ƙarƙashinta. Makiyayin da aka kashe wa raguna biyu uku, wa zai ga laifinsa in ya kwashe garkensa?

Doka ba ta yi shiru ba. Tun 1953 laifi ne a Ingila kare ya bi dabbobin kiwo, kuma dokar 1971 ta ba mai dabbobi kariya idan ya harbe karen da ke ɓarna alhali ba wata hanyar tsayar da shi. Hukumar English Heritage da ke kula da tudun ba ta karɓar ko sisi a ƙofa, sharaɗinta ga mai kare ɗaya ne: igiya. Sai batun kashin kare, wanda wasu ke ƙunshewa a leda su rataye a jikin shinge, kamar an bar wa wani tsaraba.

Duk da haka ban goyi bayan masu cewa a hana karnuka hawa baki ɗaya ba. Baƙo irina sau ɗaya yake zuwa ya ɗauki hoto ya tafi. Dattijon da ke zagaya ganuwar kullum da karensa shi zai fara ganin inda ƙasa ta zaizaye, ko inda ɓarayin kayan tarihi suka yi haƙa da dare. Wanda ya san yadda ganuwar Kano ta koma wurin ɗibar ƙasa da zubar da shara a wasu sassan ya san abin da ke samun tsohon gini idan maƙwabtansa suka daina ɗaukarsa nasu. Korar masu karnuka korar waɗannan idanun ne.

Da zan sauko na haɗu da wani tsoho a ƙofar yamma, inda ganuwoyin suka sarƙe da juna don rikita mahara. Karensa na farauta ne, dogo siriri, igiyar naɗe a hannunsa sau biyu. Suka ratsa ta gefen garken, tumakin suka ɗago kai suka dube su, suka koma cin ciyawarsu.