Ranar al'adu sau ɗaya a shekara ba za ta sa yaranmu su san juna ba

Duk ƙarshen zangon karatu sai ka ga hotuna sun cika Facebook, makarantu na bikin ranar al'adu, wannan yaro ya sha babbar riga da rawani, waccan an kafa mata ɗaurin ɗankwali irin na Yarbawa, wani kuma ya ɗora jar hular Ibo, a yi rawa a ci tuwo da amala, iyaye su biya kuɗin anko, ranar Litinin kowa ya koma benci kusa da wanda suke yare ɗaya. Ni ban ce a daina ba, yara na jin daɗin abin. Amma wallahi idan wannan ne kaɗai shirinmu na sa yara su fahimci wanda ba nasu ba, to da sauran aiki.

Najeriya fa tana da harsuna sama da 500, amma a wajen bikin ƙabila uku ake nunawa. Ina Bajju da Atyap, ina Birom, Tangale, Jukun, Nufawa, Gwari? Yarinyar Bajju da ke zaune a ajin an nuna mata kenan ita ba ta cikin lissafi.

Abin da ya fi damuna Kaduna ne. Tun rikicin 2000 da na 2002 mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi suka taru arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, yanzu yaron Rigasa da yaron Sabon Tasha kowa zai iya gama sakandare bai taɓa cin abinci kwano ɗaya da ɗan wancan ɓangaren ba, duk abin da ya sani a kansu jita-jitar majalisa ce da abin da aka turo a WhatsApp. Jos ma haka take tun 2001. Gwamnatin Gowon ta hango irin wannan bayan yaƙin basasa, shi ya sa ta kafa shirin bautar ƙasa na NYSC a 1973 ta kuma ƙara kwalejojin tarayya masu haɗa yara daga sassan ƙasa daban-daban, sai dai yara nawa ne ke samun gurbi a can? Shi kuma ɗan bautar ƙasa ya riga ya girma, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1971 a garin Austin na jihar Texas a Amurka, da aka haɗa yaran fararen fata da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a aji ɗaya rigima ta yi yawa, sai wani masani Elliot Aronson ya raba yaran ƙananan rukuni a cakuɗe, ya yanka darasi gida-gida, kowane yaro aka ba shi yanki ɗaya shi zai koya wa sauran, kuma jarabawa a kan duka za a yi. Dole ka saurari wanda ka raina, don makinka na hannunsa. Wannan ba ya buƙatar kwamfuta ko janareta, malamin firamare da alli zai iya.

Mu ɗauka darasin aure ne ko suna ko noma. A haɗa yara biyar-biyar, malam ne zai haɗa su ba su za su zaɓi abokansu ba, kowa ya je gida ya tambayi kakarsa yadda ake yi a wajensu, ya dawo ya koya wa rukuninsa, sannan Musa ne zai tashi ya yi bayanin al'adar su Ladi, ita kuma ta yi bayanin tasa, idan ya yi kuskure ta gyara masa. A riƙa yi duk mako. Ko wasan barkwancin da ke tsakanin Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarbawa darasi ne guda, a sa yara su binciko asalinsa, a Nijar har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014. Sai dai malam ya sa ido sosai kar wasa ya koma gori. Kuma kar a tilasta wa yaro yin abin da addininsa ya hana, ya ji bayani ya isa.

Na san za a ce ajin cike yake maƙil, yara a ƙasa suke zaune, albashin malam ma bai zo ba. Gaskiya ne, kuma ba ƙaramin cikas ba ne. Za a kuma ce makarantar ƙauyenmu duk Hausawa ne Musulmi, to akwai yaran rugar Fulani a bayan gari, akwai mai kemis ɗan kudu da ya shekara da shekaru a kasuwar, a gayyato shi yara su yi masa tambayoyi. A Kaduna kuwa firinsifal biyu, ɗaya daga Tudun Wada ɗaya daga Kakuri, sun isa su shirya muhawara ko ƙwallo sau ɗaya a wata, amma kar makaranta ta kara da makaranta, a gauraya yaran a kowace tawaga, kuɗin mota kuma ƙungiyar iyaye da malamai ta ɗauka.