Tsintsiyar kasuwa ba aikin hannun ɗalibi ba ce

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, 'yar ƙanwata da ke aji huɗu na firamare ta dawo gida da saƙon malaminsu: ranar Litinin kowa ya kawo aikin hannu, ko tsintsiya ko mafici, wanda bai samu ba kuma ya zo da naira 200. Uwarta ba ta tsaya dogon tunani ba, ta aiki yaro bakin kasuwa ya sayo tsintsiyar laushi. Yarinya ta kai, aka rubuta mata maki, magana ta ƙare. Da na karɓi littafinta na darasin al'adu da fasaha, wanda yara ke kira CCA, sai na tarar da shafuka cike da rubutu tsaf: ma'anar zane, rabe-raben launi, kayan aikin ginin tukwane. Ta haddace cewa in aka haɗa shuɗi da rawaya kore ake samu. Na tambaye ta ko ta taɓa haɗawa ta gani, sai ta yi mini kallon mamaki ta ce, "Kawu, ai ba a haɗawa, rubutawa ake yi."

Ban ga laifin yarinyar ba, malamin ma ba shi kaɗai zan ɗora wa ba. Abin da na gani a gidan ƙanwata shi ne halin da darasin zane da aikin hannu ya shiga a makarantunmu da dama: ya koma darasin kwafe daga allon bango, sai kuma ɗan haraji a ƙarshen zango. Ra'ayina shi ne, wannan darasi bai mutu don rashin kuɗi ba. Ya mutu ne saboda mun sa wa ranmu cewa sai an sayo kaya daga kanti ake koyar da fasaha.

Wannan tunani ya daɗe tare da mu. Makarantar boko da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nassarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'in hannu, inda masu sana'a na gari suke koyarwa. Amma da tafiya ta yi nisa, sai aikin hannu ya zama na wanda bai da ƙoƙari a aji, takarda kuma ta zama ta masu rabo. Da aka shigo da tsarin karatu na 6-3-3-4 a farkon shekarun 1980, an yi niyyar gyara wannan, aka sayo injuna daga ƙasashen waje domin ƙananan sakandare. Duk wanda ya yi makaranta a lokacin ya san ƙarshen labarin a wurare da yawa: injuna sun yi shekaru cikin akwatunansu, babu wutar lantarki, babu wanda ya iya tayar da su, har tsatsa da ɓarayi suka raba gado. Darasin da ya kamata mu ɗauka shi ne kada a gina koyarwa a kan abin da makaranta ba za ta iya samu da kanta ba. Mu kuwa sai muka ɗauki akasinsa: tunda ba a kawo kaya ba, a koma ga alli.

A je tsangaya a ga yadda ake yi. Almajiri ba ya jiran kwangilar kayan rubutu. Shi yake haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, shi yake fiƙe alƙalaminsa na gamba, ya wanke allonsa ya shanya. Idan kuma aka zo sauka, a dubi allon zayyana: layuka a miƙe, kusurwoyi sun yi daidai, ja da rawaya da kore kowanne a muhallinsa, dama ta yi kama da hagu kamar an auna da ma'auni. Mai zayyanar nan ba a koya masa wannan daga littafin joometiri ba, amma abin da yake yi joometiri ne tsantsa. Muna yawan magana a kan abin da tsangaya ta rasa, kuma akwai su da yawa, sai dai a wannan fanni guda makarantar boko ce ya kamata ta je ɗaukar karatu.

Launi kuwa yana nan a madafin kowane gida. A jiƙa zoɓo a samu ja. A ɗiga masa ruwan lemon tsami ya ƙara haske, a zuba masa ruwan kanwa ya rikiɗe ya yi duhu ya karkata zuwa kore. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya riga ya shiga darasin sinadarai tun kafin ya san sunansa, kuma ba zai manta ba, don gani ya kori ji. Gangamau na ba da rawaya, lalle na ba da nasa launin, ga jar ƙasa da farar ƙasa da gawayi. Karan dafi da dukawa ke rina fata da shi ja ne mai kyau. Bagaruwar da majema ke jima da ita, in ta haɗu da ruwan da tsatsar ƙarfe ta jiƙa a ciki, baƙi take bayarwa. A ɗan sa ƙaro don launin ya kama takarda. Burushi kuma, a tauna bakin asuwaki ya yi laushi, ko a ɗauki gashin kaza. Takardar buhun siminti da kwalin da masu shago ke zubarwa sun isa wurin yin zane. Kullun rogo in aka dama shi manne ne. Yumɓu yana bakin rafi. Duk abin da na lissafa, babu wanda sai an je birni. Rashin sani ne kawai, kaza ta kwana kan dami.

Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne yadda aikin hannu ke ɗaukar nauyin sauran darussa. Malamin da ke fama da yara a kan rabi da kwata, ya ba su yumɓu su mulmula waina, su raba biyu, su raba huɗu, ya ga ko za a sake samun wanda zai ce kwata ya fi rabi don huɗu ya fi biyu. Mai saƙa faifai tana ƙirga ɗinki kafin ta canja launi, in ta yi kuskure ɗaya adon ya karkace, to wannan lissafin jeri ne. Mai ɗinkin hula haka yake ƙirga zare gida-gida. Dagin Arewa da muke gani a jikin gini da wuyan riga, a sa yara su ɗiga ɗigo a takarda su zagaya da layi har ya fito, za su gane ma'anar daidaito fiye da yadda bayanin baki zai gane da su. Tsofaffin takardun jarrabawa da ake ƙonawa a bayan aji, a jiƙa su a daka a turmi a haɗa da kullun rogo, a gina taswirar Najeriya a kan kwali, a tona hanyar kogin Neja da na Binuwai har su haɗu a Lakwaja, a tayar da tudun Jos. Yaron da ya gina tudun nan da yatsunsa ba sai an yi masa bulala zai tuna inda yake ba. Su ma motocin kara da na gwangwani da yaranmu ke ƙerawa a lungu, da ƙafafun da ke juyawa da sitiyari mai aiki, mun ɗauke su shirme ne, har mukan kori yaro mu ce ya je ya yi karatu. Ban san wane karatu ya wuce a sa shi ya auna tsawon motar, ya zana ta a takarda, ya bayyana wa 'yan ajinsu dalilin da ya sa ƙafar gaba ke juyawa ba.

Za a ce malamin aji bai iya waɗannan abubuwa ba. Gaskiya ne, kuma ba abin kunya ba ne. Wanda ya fito daga kwalejin ilimi da takardar NCE ba lallai ya taɓa riƙe yumɓu ba. Amma a unguwar da makarantar take akwai wanda ya iya. Akwai maginiyar tukwane, akwai baduku, akwai masaƙi, akwai mai sassaƙar ƙwarya, akwai mai zanen lalle. Me ya hana a gayyato su aji sau ɗaya a wata? Ajin da ke da yara 100, in kowa ya kawo naira 200 ɗin nan, an tara 20,000. Da wannan kuɗi za a sallami mai sana'a cikin mutunci, a kuma sayi ɗan abin da ba a samu a gida ba. Iyaye ba za su yi ƙorafi ba in sun ga abin da kuɗinsu ya haifar.

Masu ganin cewa wanda bai yi boko ba bai isa ya tsaya gaban aji ba, su ciro takardar naira 20 su juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, wadda ta koyi sana'ar tun tana yarinya a hannun 'yar'uwar iyayenta a ƙasar Gwari. A gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ne Bature Michael Cardew ya ga tukwanenta, kuma a 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane da ya kafa a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau. Ta je Turai da Amurka tana nuna yadda ake gini da hannu, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. A Nijar kuma, magini Falke Barmu ne ya gina masallacin ƙasa na Yaama a jihar Tawa, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, har yau ɗaliban zanen gine-gine suna nazarin bakan gizon rufin masallacin. Irin waɗannan hannaye ba su ƙare ba, tsufa kawai suke yi babu mai gado.

Makarantun cikin Kano ma ba su da uzuri ko kaɗan. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, tana nan a tsakiyar gari. Rini da saƙar Kano ne suka burge Bature matafiyi Heinrich Barth da ya zo a 1851, lokacin da tufafin da aka rina a nan da Kura suke ratsa Sahara. A kai yara su tsaya bakin karofi su ga yadda ake haɗa baba da toka a bar su kwanaki su nuna, su ga ƙyalle ya fito daga ruwa yana kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gabansu. Su ga yadda ake ɗaure ƙyalle da zare don ado ya fito, su ji sautin 'yan bugu. Yini ɗaya a nan ya fi shafi goma na kwafe a kan ma'anar rini.

Akwai ƙorafin da bai kamata a yi masa riƙon wasa ba. Iyaye da yawa suna ƙyamar darasin zane saboda batun surar abu mai rai, kuma malamai sun yi magana a kai. Ba sai an ja da kowa ba. Fasahar da muka gada kusan dukkanta ba ta dogara da sura ba: zayyana, adon bangon gidajen Zariya da Kano da Damagaram, aikin wuyan riga irin su aska takwas, zanen ƙwarya, adon fata, rubutun ajami mai kyau. Malamin da ya fara daga nan zai shekara shida yana koyarwa bai taɓa abin da zai tayar da hankalin wani uba ba. Matsalar ita ce littattafan da ake kawo mana sukan fara da "zana mutum", malami kuma ya bi su ido rufe.

Cunkoso shi ne ƙorafin da ya fi ƙarfi a wurina. Malami ɗaya da yara sama da 100, wasu a ƙasa, ga minti 35 ko 40, yaya zai yi da yumɓu da ruwa? Ba zan ce abu ne mai sauƙi ba. Amma darasin nan ba ya bukatar aji. A fita gindin bishiya, a haɗa darasi biyu wuri guda ranar Alhamis, a kasa yara goma-goma, a ɗauko 'yan aji shida su riƙe ƙanana kamar yadda gardi ke biya wa ƙolo. Za a yi hayaniya, za a ɓata yunifom, iyaye mata za su yi mita ranar wanki. Na yarda da wannan farashi.

Sai kuma masu cewa roba ta kashe kasuwar tukunya da faifai, me za a ci da su? Ba ina cewa kowane yaro ya zama magini ba ne. Hannun da ya saba da auna abu, idon da ya saba da gane karkata, su ne za su yi ɗinki, su ja layin tayil, su yi adon silin, su zana tambari a kwamfuta. Masu gini a manyan biranenmu sun daɗe suna ɗauko masu sa tayil da adon silin daga Togo da Benin saboda tsaftar aikinsu, alhali samarinmu na zaune a majalisa. Wannan tsaftar aiki ba a shekara 25 ake fara koyon ta ba.

Gyara na farko bai bukatar takarda daga ma'aikatar ilimi. Hedimasta kawai zai ce daga yau ba a ba da maki sai ga abin da aka yi a makaranta, a gaban malami, da hannun yaron. Tukunyar da ta karkace wadda yarinya ta gina da kanta ta ci maki, tsintsiyar kasuwa kuma a mayar wa mai ita. A ƙarshen zango a jera ayyukan a baranda, kowanne da sunan mai shi, iyaye su zo karɓar sakamako su gani. Da na koma gidan ƙanwata bayan mako biyu, na tarar 'yar tata ta ƙarar da zoɓon da uwarta ta ajiye don baƙi, ta cika bayan wani kwalin taliya da dagi ja da kore, uwar na ta faɗa. Na tambaye ta labarin tsintsiyar da ta kai makaranta, ta ce tana cikin tulin da aka jibge a bayan ƙofar ofis.